Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wayar salula, mota ko na'urar asibiti da muke saye a yau, ranta yana cikin wani ɗan fallen silikon da bai wuce farce ba, wanda ake kira ƙwaƙwalwar na'ura. Ƙarancinta a shekarar 2021 ya tsayar da masana'antun motoci a duniya, ya kuma farkar da gwamnatoci. A 2022 Amurka ta kafa dokar da ta ware sama da dala biliyan 52 domin a dawo da ƙera ta gida, bayan kasonta a duniya ya faɗi daga kashi 37 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 12 a 2020. Indiya da Tarayyar Turai su ma sun buɗe baitulmalinsu.

A ganina, yawancinsu sun fara daga inda ya kamata su ƙare. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, kamfanin Hongxin da aka kafa a 2017 da alƙawarin biliyoyin daloli ya durƙushe a 2021, bai ƙera ko guda ba. Jamus ta yi wa Intel alƙawarin tallafin kusan yuro biliyan 10 don ya gina masana'anta a Magdeburg, a 2025 kamfanin ya fasa. Hatta a jihar Arizona ta Amurka, kamfanin TSMC na Taiwan ya ɗage fara aiki a 2023, ya ce babu isassun ƙwararru.

Mai karatu, dubi yadda Taiwan ɗin ta yi. A 1973 ta kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu ta ITRI. A 1976 ta sayi fasaha daga kamfanin RCA na Amurka, ta tura matasan injiniyoyinta su koyo, suka dawo suka kafa 'yar masana'antar gwaji. Sai a 1987 aka kafa TSMC ƙarƙashin jagorancin Morris Chang, gwamnati ta zuba kusan rabin jarin, ta bar masana su tafiyar da shi. Shekara 14 ke nan ana renon mutane kafin a kai ga kamfanin da yau Apple da Nvidia suka dogara da shi.

Masu ganin lamarin tsaro ne, ba ya jiran jinkiri, suna da hujja: bai dace duniya ta dogara ga tsibiri guda da Sin ke iƙirarin mallakarsa ba. Amma tsoro ba ya rage shekarun koyo. Gini da injina kuɗi ke sayo su. Injiniyan da ya san dalilin lalacewar falle guda cikin goma kuwa, sai ya shekara goma a bakin aiki.

Saboda haka duk gwamnatin da ta zo da albishirin irin wannan masana'anta, tamu ce ko ta wasu, a fara tambayarta injiniyoyi nawa ta tura koyo, kuma me ta tanada don su dawo gida su zauna.