Hasashen Yanayi da Ƙwarin Gona: Wa Zai Faɗa wa Manomin Ajingi?

Kowace shekara, kafin faɗuwar damina, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, takan fitar da hasashenta: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, a ina ake fargabar fari a tsakiyar damina. Jaridu su buga, gidajen rediyo su karanta, a wuce wurin. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne cewa labarin ruwa shi ne kuma labarin ƙwari. Ra'ayina a nan shi ne, manomin Ajingi da Gaya yana asarar rabin amfanin wannan ilimi, kuma wani kaso na alhakin yana wuyanmu, mu masu nazarin Hausa.

A ɗauki tsutsar da ke cin kan gero, wadda takan bar zangarniya da zane kamar an nannaɗa mata zare. Wannan halitta tana kwance cikin ƙasa tun daga kaka har ƙarshen bazara. Ruwan farko ne ke tashinta, kuma bayan kimanin wata guda sai malam-buɗe-littafinta ya fito ya saka ƙwai a kan geron da ke fitar da kai. Sau ɗaya take haihuwa a shekara. Ma'anar wannan a fili take: wanda ya rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka a Toranke ko Balare zai iya ƙiyasta makon da ya kamata a shiga gona a duba zangarniya, ya kuma gane ko geron da aka binne da wuri zai yi kiciɓis da fitowar ƙwaron. A Maraɗi masu bincike sun daɗe suna sakin wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe tsutsar, kuma dabarar ba ta cin nasara sai an sake shi a kan lokaci. Lokacin kuwa ruwan sama ne ke tsayar da shi.

Dattawan ƙasar Kano ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a faɗin Arewa, ta ƙarasa abin da farin farkon shekarun 1970 ya fara yi wa dalar gyaɗa. Darɓa ce ke yaɗa cutar, ita kuma darɓa tana bunƙasa ne idan ruwa ya tsaya gyaɗa tana ƙarama, musamman wadda aka shuka a makare kuma aka yi mata tazara. Mamakon ruwa yakan wanke ta. Saboda haka sanarwar cewa ruwa zai tsaya na mako biyu a watan Yuli gargaɗi ne ga mai gyaɗa da mai wake, ko da sanarwar ba ta ambaci ƙwaro ko ɗaya ba.

Sannan ga baƙin ƙwari. A 2016 tsutsar Tuta absoluta ta ragargaza tumatir a Kadawa da sauran wuraren noman rani, a shekarar kuma aka fara ganin tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka. Dukansu zafi ne ke gaggauta haihuwarsu.

Manomin da bai san lokaci ba, feshi kawai ya sani. Yakan sayi magani a kasuwa bisa shawarar mai sayarwa, ya fesa kafin ƙwaro ya zo ko bayan ya gama ɓarna, wani lokaci ma ruwa ya wanke maganin a daren. Kuɗi sun tafi, ƙwarin da ke cin miyagun ƙwari sun mutu, guba ta saura. Wannan sabo na dogaro da magani shi ya bi wake har rumbu, har ta kai Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan gubar da aka samu a cikinsa. Wanda Turai ta ƙi, mu muke ci.

Akwai suka mai ƙarfi da za a iya yi wa wannan ra'ayi, kuma ban raina ta ba. Ruwan ƙasarmu ba ya sauka bai ɗaya. Sai a kwana ana tafka shi a Gaya, Kunkurawa kuwa ko ɗigo. Ma'aunin da ke filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba zai faɗi abin da ya faru a Gafasa ba, hoton tauraron ɗan'adam kuma ƙiyasi ne. Amma maganin wannan ba shi da tsada. Ma'aunin ruwan sama gwangwani ne mai zane, ɗan firamare ma zai iya karanta shi. Hukumar KNARDA tana da ofishin shiyya a Gaya, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ga Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna a Jami'ar Bayero. Da za a sa ma'auni guda a kowace mazaɓa ta Ajingi, malamin gona ya riƙa rubuta ranar ruwa da ranar da aka fara ganin kowane ƙwaro, cikin 'yan damuna za a tara abin da babu shi a kowane littafi. Maƙwabtanmu sun riga mu: cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, aikinta ke nan na haɗa bayanan ruwa da na amfanin gona da na fara.

To ina namu a ciki? An fara fassara hasashen NiMet zuwa Hausa, kuma abin a yaba ne. Sai dai fassarar kalma daban, isar da ma'ana daban. Kalmar “fari” ita ake amfani da ita ga tsayawar ruwa ta kwana goma, ita ce kuma sunan bala'in da ke korar mutane daga garuruwansu. Wanne mai sauraro zai ɗauka? “Fara” takan haɗa farin dango da ke tasowa daga hamada da ƙananan farin da ƙwansu ke kwance a gonar mutum suna jiran ruwa, alhali matakin da za a ɗauka a kansu ya sha bamban. “Tsutsa” kuwa ta zama buhun da ake zuba komai. Manoma suna da sunaye da suka fi waɗannan rarrabewa, sunayen kuma sukan canza daga Gaya zuwa Katsina zuwa Damagaram, amma ƙamusoshinmu na zamani ba su bi sawunsu yadda ya kamata ba. Muna da ɗimbin kundaye a kan karin magana da waƙoƙin noma (ba laifi ba ne, ni ma ina son su), kaɗan ne ƙwarai a kan kalmomin da manomi ke kiran abokan gabarsa da su.

Mafi wuya shi ne yadda za a faɗi yiwuwa. Idan masani ya ce akwai yiwuwar kashi 60 cikin ɗari, mai fassara ya ce “za a yi”, ranar da ba a yi ba an zubar da amana, kuma ba ta saurin dawowa. Ga kuma kunnen Bahaushe da ke ƙyamar duk abin da ya yi kama da duba ko da'awar sanin gaibu. Amma al'ummar da malamanta ke lissafin taurari don sanin shigowar bazara da marka da kaka ba baƙuwa ba ce ga karanta alama. A cikin harshen wannan lissafi, da irin maganar da tsoho ke yi idan ya dubi gabas ya ga hadari, za a sami salon da ke nuna rinjaye ba tare da yanke hukunci ba. Ban ce lissafin taurari zai maye gurbin ma'auni ba, domin damina ta sauya hali. Kalmominsa nake so mu aro.

Shawarata ga sassan Hausa ita ce a tura ɗaliban digiri na biyu zuwa Ajingi da Gaya tare da takwarorinsu na tsangayar aikin gona, damina guda cur. Ɗaya ya kama ƙwaron ya tantance shi, ɗayan ya rubuta sunansa da lokacinsa da alamar zuwansa daga bakin mai gonar, maza da mata, domin matan da ke sussuka da adana wake sun san ƙwarin rumbu fiye da kowa. Abin da aka tattara a miƙa wa NiMet da gidajen rediyon Kano kafin hasashen shekara mai zuwa ya fito.