Tsakanin Gajiya da Hauka Akwai Ciwon da Ke Neman Suna

Ranar da rezo ya ɗauke a Dogon Kiriya kowa yana da abin faɗa. Tsohon da ke jiran kuɗi daga ɗansa mai cin rani a Legas ko Abijan yakan koma gida hannu wofi. Ɗan kasuwa ba ya jin farashin wake a Dogon Dutsi. Ma'aikacin ɗakin shan magani yakan rasa hanyar kiran motar da za ta ɗauki mai naƙuda. Hausa ba ta rasa kalmomin bayyana wannan fushi ba. Amma mutumin da za a tayar da tsakar dare ya hau babur ya nufi turken sadarwa, ya duba ko batir ne ya mutu ko gazuwal ne ya ƙare, ba kasafai ake tambayar halin da yake ciki ba. In ma an tambaya, al'ada ta riga ta tanadar masa amsa: ba gajiya.

Wannan amsa tana da kyau a matsayin gaisuwa. Matsalar ita ce sau da yawa nan maganar take tsayawa. A bakin yawancin mutane, abin da ke samun ma'aikaci iri biyu ne: ko dai gajiya, wadda barcin dare ɗaya ke kawarwa, ko kuwa hauka, wanda ke raba mutum da aikinsa da mutuncinsa, har ya shafi auren ƴan'uwansa. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa ne ma'aikatan fasahar zamani da yawa suke fama. Cike wannan fili aiki ne da ya hau kan masana harshe, ba likitoci kaɗai ba.

Da farko ya kamata a san su wa ake nufi. In an ce ma'aikacin fasaha, hankali yakan tafi ga mai rubuta manhaja a cikin ofis mai sanyi a Amurka. A ƙasar Arewa kuwa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, fuskokin daban ne. Akwai masu kula da turakun kamfanonin sadarwa, da masu tura kuɗi ta salula waɗanda kuskuren lamba ɗaya ke iya cinye musu ribar wata guda, da masu gyaran waya a bakin kasuwa, da matasan da ƙungiyoyi ke ɗauka su shigar da bayanai cikin kwamfuta a kan wa'adi. Abin da ya haɗa su shi ne aikinsu ba shi da lokacin tashi. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako, amma wayar da ke aljihun ma'aikaci ba ta san wannan doka ba. A lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, nauyin riƙe sadarwa ya ƙara komawa kan injinan wuta da batura, wato kan mutanen da ke kula da su. Ga kuma rashin tsaro a arewacin jihar Doso, wanda ya mai da tafiyar gyara ta zama abin da ake yi da zullumi.

Akwai rukuni na biyu wanda ya fi kusa da ɗalibin ilimin harshe, domin shi ake nema a cikinsa. Manyan kamfanonin intanet suna buƙatar masu jin Hausa su tace abin da ake ɗorawa a shafukansu, su kuma tsara bayanan da ake koya wa na'ura harshe da su. Labarin Nairobi ya nuna farashin wannan aiki. A can kamfanin Sama ya ɗauki ma'aikata daga ƙasashen Afirka daban-daban domin tace wa Facebook hotuna da bidiyo, kowa da harshensa. Cikinsu akwai Kauna Malgwi, ƴar arewacin Najeriya, wadda ta yi shekaru tana duba abin da aka ɗora da Hausa, ta kuma bayyana wa duniya rashin barci da firgitar da aikin ya bar mata. A 2023 fiye da mutum 180 daga cikin ma'aikatan suka shigar da ƙara a kotun Kenya, kuma a ranar 1 ga Mayu na shekarar aka kafa ƙungiyar ƙwadago ta masu wannan aiki. A Disambar 2024 rahotannin likita da aka gabatar wa kotu suka nuna cewa fiye da 140 daga cikinsu suna fama da ciwon firgici mai biyo bayan ganin tashin hankali. Tun a 2020 Facebook ya yarda ya biya dala miliyan 52 ga masu irin wannan aiki a Amurka. Ɗalibin da ya ƙware a Hausa da Faransanci ko Ingilishi, ya kuma iya kwamfuta, shi ne ainihin wanda irin wannan talla ke kira. Ya kamata ya san abin da ke bayan ƙofar kafin ya shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da ɗaukar batun da muhimmanci. Ta ƙiyasta cewa baƙin ciki mai tsanani da fargaba suna jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 a kowace shekara. A 2019 ta shigar da abin da Turawa ke kira burnout cikin kundinta na rarraba cututtuka, amma ta ce ba cuta ba ce ta mutum shi kaɗai, yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a magance ba. Ta ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar zuciya daga aikin, da raguwar iya yin sa. Abin lura a nan shi ne inda aka ɗora laifi. An ɗora shi a kan yanayin aiki.

A nan ne nahawun Hausa yake da abin cewa. Idan aka ce wane ya taɓu, an yi amfani da aikatau na aji na bakwai a tsarin da Parsons ya shimfiɗa a 1960, ajin da ke nuna abin da ya auku ga mutum ba tare da ambaton wanda ya aikata ba. Wa ya taɓa shi? Jimlar ba ta faɗa ba, sai mai sauraro ya cike gurbin da kansa. A Arewa, ƙasar Lugu da Bagaji inda bori ke da tsohon tarihi, da yawa za su cike shi da iskoki. Wasu za su ce sammu ne, wasu su ce gado ne, wasu su ce shaye-shaye. Ba wanda zai cike gurbin da jadawalin aiki. Amma idan aka ce aiki ya ci ƙarfinsa, ko aiki ya danne shi, ko aiki ya sha kansa, mai aikatawa ya fito fili a farkon jimla. Wanda ya taɓu, wurin mai magani ake kai shi a ɓoye. Wanda aiki ya danne kuwa, ana iya zuwa wurin mai ba da aikin a ce a rage masa kaya. Zaɓin ginin jimla yana iya yanke inda za a nufa da mutum.

Wannan ya nuna cewa Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Alamomin nan uku duk suna da masauki a cikinta: akwai gajiyar da barci ba ya kawarwa, akwai aikin da ya fita daga ran mai shi, akwai sanyin gwiwa. Akwai damuwa, ƙunci, zullumi, fargaba, ƙosawa, da yawan tunani. Abin da ya rage shi ne tantancewa, domin wasu kalmomin suna ɗauke da dafi. Mutuwar zuciya, alal misali, ta yi kusa da alama ta biyu, amma zagi ce da ake yi wa rago, kuma duk wanda aka laƙaba wa ita ba zai sake buɗe baki ba. Fassara kai tsaye ma ba ta fisshe kowa ba. Wanda ya ce ma'aikaci ya ƙone, za a tambaye shi ko wutar lantarki ce ta ja shi.

Za a iya cewa duk wannan shagwaɓa ce ta ƴan boko. Manomin da ke bin kunya da hauya a ƙasar Dogon Kiriya, yana kallon sama ko ruwa zai zo, ai ya fi mai danna kwamfuta shan wuya, kuma bai taɓa neman a raɗa wa wahalarsa suna ba. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, sai dai ta manta abu biyu. Na ɗaya, wahalar noma tana da suna, tana da waƙa, tana da gayya, tana kuma da ƙarshe: in kaka ta yi an huta. Wahalar mai tace bidiyon kisa ba ta da ko ɗaya, domin shi kaɗai yake gani, kuma yarjejeniyar da ya sa wa hannu takan hana shi ba da labari ko ga iyalinsa. Na biyu, samar da kalmomin ba ma'aikacin fasaha kaɗai zai amfana ba. Manomin da fari ya hana barci, da malamin makaranta, da ungozoma, duk za su sami abin da za su faɗa wa likita wanda ba hauka ba.

Haka nan za a ce haƙuri maganin duniya, kuma mumini da addu'a yake warkewa. Babu mai musun darajar haƙuri. Amma ba a taɓa hana mai zazzaɓin cizon sauro shan magani da sunan haƙuri ba. Kuma wajibi ne a lura da wanda ke cin ribar wannan nasiha. Idan mai ba da aiki ya haɗa wa mutum ɗaya aikin mutum uku sannan ya ce masa ya yi haƙuri, kalma mai tsarki ce aka mayar abin rufe baki.

Akwai darasi daga Zimbabuwe. Likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda bai shigo da kalmomin Turai ya ɗora wa jama'a ba. Ya ɗauki kalmar Shona kufungisisa, wato yawan tunani, ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ɗakunan shan magani su saurari masu damuwa. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa hanyar tana rage ciwon sosai. Nijar tana da nata bencin tun tuni. Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta littafi guda a 2019 a kan fada, inda samari ke zama a kan shayi suna raba zaman jira. A irin wannan zama ne ake jin yadda matashi ke bayyana ƙuncinsa idan ba ya gaban likita ko shugaban aiki. Wanda ya je da na'urar ɗaukar murya, da izinin masu magana, zai dawo da abin da ba ya cikin ƙamus.

Lokacin ma ya dace. Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma jami'ar Doso, wadda aka kafa a 2014, tana yaye matasa a fannonin fasahar zamani. Harshen da aka ɗora wa wannan matsayi dole ya iya ɗaukar takardar likita, da yarjejeniyar aiki, da ƙorafin ma'aikaci a gaban mai duba ƙwadago. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai, inda sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa yake, tafiya ce ta kusan kilomita 270, kuma sunan sashen kansa, Pavillon E, ya isa ya sa mutum ya fasa tafiyar. Yawancin masu wannan damuwa ba can ya kamata su fara ba. Suna buƙatar ma'aikacin lafiya na kusa wanda zai fahimci abin da suke nufi idan sun ce tunani ya yi musu yawa.

Saboda haka sassan ilimin harshe suna da ayyuka uku a gabansu. Su tura ɗalibai su tattara kalmomin damuwa daga bakin masu sana'o'in nan a Dogon Kiriya, Matankari, Tibiri da Dogon Dutsi, tare da lura da bambancin Arewanci da daidaitacciyar Hausa. Su zauna da ma'aikatan lafiya a tace abin da aka tattara, a ware mai zagi daga mai bayani. Su kuma faɗa wa ɗalibansu gaskiya game da kasuwar da ke jiransu: kafin a sa hannu a kan aikin tace bayanai, a tambayi awa nawa ne, me za a riƙa gani, akwai hutu tsakani, kuma wa zai biya kuɗin magani idan abin ya taɓa lafiya.

Suna shi kaɗai ba ya warkar da kowa, kuma ba ya rage wa ma'aikaci awa ɗaya. Wannan hakki ne a kan masu ba da aiki da hukumomin ƙwadago. Amma ba a kai ƙarar abin da ba a iya faɗa ba. Muddin mai gyaran turke a Dogon Kiriya ba shi da abin cewa sai ba gajiya, shugabansa zai ci gaba da ɗauka cewa lafiya lau yake, har ranar da zai kasa tashi.