Yara Shida a Bakin Taga

Jama'a, makon jiya na raka 'yata makarantarsu, wata firamare ta mishan, ranar da za su ziyarci Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. Kwana uku yarinyar nan ta hana mu sakat don ɗokin ganin kawunan yumɓu na Nok. Aka yi layi, aka rera waƙa, Fasto ya karanta labarin Basamariyen nan mai tausayi daga Luka sura 10, ya roƙi Allah ya kiyaye hanya.

Mota na tashi sai na hangi yara shida a bakin tagar aji, sun yi tagumi. Ashe iyayensu ne ba su sami kuɗin mota ba. Ɗayansu ma shi ya ba da waƙa da safen nan.

Na sani mai ya yi tsada, hedimasta kuwa ba shi da rumbun kuɗi. Amma makarantar da ke karɓar baiko kowace Juma'a, a ce kujera shida ta gagare ta? Na kai maganar gaban taron iyaye da malamai, an ce za a duba kafin tafiyar Kirsimeti.