GIYA GIYA CE, KO DA HANNU AKA TSINKO INABINTA

Wani sabon salo da kafafen yaɗa labaran Yamma suka ɗauko shi ne tallata matasan manoman giya a matsayin gwaraza. Za a nuno saurayi cikin gonar inabi, hannu duk ƙasa, ya gudo daga birni ya rungumi sana'ar kakanni. Ba a cewa kowa ya sha. Burge mai kallo kawai ake so a yi, sauran aikin zuciyarsa ce za ta ƙarasa.

Misali shi ne gidan Lapierre da ke Morgon, a yankin Bojole na Faransa. Uban gidan, Marcel, tun 1981 ya kama hanyar da wani masanin sinadarai mai suna Jules Chauvet ya nuna masa: ba takin zamani, ba maganin feshi, a tsinke inabi da hannu, a bar shi ya tsimu da kansa ba tare da yis na kanti ba, farar wutar da ake sawa don kada giya ta lalace kuma a rage ta ko a bar ta. Da Marcel ya mutu a 2010, ɗansa Mathieu, wanda girki ya fara koya, shi ya ci gaba da gonar, daga baya 'yar'uwarsa Camille ta shigo. Wannan ita ce wai "giyar gargajiya".

Gaskiya ɗaya ce, noman nasu ba shi da laifi, manomin da ya ƙi zuba wa ƙasarsa guba ya yi abin kirki. To amma me ke fitowa daga gangar? Barasa ce, wajen kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari, irin wadda ke cikin kwalbar kamfani. Hanta ba ta tambayar wa ya tsinko inabin. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya a sahun farko na masu jawo cutar, a 2023 kuma hukumar ta ce babu wani adadin da za a sha a tsira. Faransar kanta ta taƙaita tallar giya da doka a 1991.

Kuma in dai aikin hannu ne abin yabo, ai burkutu ma da hannu ake dafa shi, dawa ce da ruwa. Wa ya taɓa kiran mai burkutu gwarzo? Bambancin kawai, wancan Bature ne, kwalbarsa da tambari.

Hukuncin kuwa ba ɓoyayye ba ne ga matashi Musulmi. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa giya da caca da gumaka wuri guda. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa mutum goma da la'anar giya ta hau kansu, mai matsa ta yana ciki, tare da mai ɗauka da mai sayarwa. Mai matsar nan shi ne ake nuno wa 'yan'uwa yana murmushi.

Akwai kuma tarihin da masu tallar ba sa so a tono. Da ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa a ƙarshen ƙarni na 19, 'yan mulkin mallaka Aljeriya suka nufa, suka dasa inabin giya a filayen da suka ƙwace wa Musulmi. Zuwa shekarun 1930 gonakin sun kai wajen hekta 400,000, 'ya'yan masu ƙasar kuma su ne 'yan ƙwadagon da ke tsinkar sa, su ma da hannu.