Taswira ba ta san Gulbin Kaba ba

Ku buɗe taswirar jihar Maraɗi: ga shuɗin layi ya ratsa Tasawa da Mayahi, wai Gulbin Kaba. To, wa ya taɓa tuƙa kwalekwale a cikinsa? Gulbin ya daɗe da daina gudu, sai tafkunan damina, bana su kwanta nan, baɗi can. Inda ruwa ya janye manomi ya tura gona, ya sare kaba. Makiyayi ya dawo ya tarar burtali ya zama gero. Da wannan layin za a raba su? Kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada su fito, su bi sahun goriba da ƙafa tare da masu gari da arɗo, su kafa siminti. Mun ga kisan Toda a 1991.