Inshorar kare: wa za a tsare, karen ko ɗan maƙwabci?



A makon jiya, bayan sallar la'asar, muna zaune a ƙofar shagon wani abokina ɗan kasuwa a nan Gure, sai ya ciro wayarsa ya karanta mana saƙon da ƙanensa ya aiko masa daga Faransa. Ƙanen ya daɗe can yana aiki, har ya ajiye kare a gida kamar yadda mutanen ƙasar suke yi. Cikin saƙon yana cewa mota ta buge karen, ƙafa ta karye, aka yi masa aiki, kuɗin da likitan dabbobi ya nema sun fi albashin wata na babban ma'aikaci a nan, amma kamfanin inshora ya mayar masa da mafi yawansu. Daga ƙarshe ya ce: “Yaya, kai ma ka nemi irin wannan takarda domin karen da ke gadin mangazarka.”

Majalisa ta fashe da dariya. Wani tsohon direba ya ce mu da muke biyan inshorar mota don kada jandarma ya tsayar da mu a hanya, yanzu kuma sai ta kare? Ni ma na dara. To amma da na koma gida maganar ta ƙi barina, domin tambayar da ta ba mutane dariya tana da amsa, kuma amsar ta shafi aljihunmu da lafiyar ƴaƴanmu.

Bari mu fara da asalin abin. Inshora, wadda muka saba kira asirans a nan Nijar, yarjejeniya ce: mutane da yawa suna zuba kuɗi kaɗan kaɗan, wanda masifa ta afka wa a biya shi daga abin da aka tara, kamfani ya cire ladan aikinsa da ribarsa. Ba banza ba ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanoninmu ya ɗauki sunan Leyma, wato laima. Inshorar dabbobi kuwa a ƙasar Suwidin ta samo tushe, inda aka fara yi wa dawaki da shanu a shekarar 1890. A can ne kuma aka fara yi wa kare a 1924. Ingila ta bi sahu a 1947, Amurka sai a 1982, kuma karen farko da aka yi wa takarda a can shi ne mai fitowa a majigi da sunan Lassie. Yau a Suwidin mafi yawan karnuka suna da inshora.

Me ya sa abin ya kama a waɗancan ƙasashe? Domin a can asibitin dabbobi yana da kusan duk abin da asibitin mutane yake da shi: ɗakin tiyata, na'urar hoton ƙashi, gwajin jini, har maganin ciwon daji. Kowane ɗaya kuwa da tsadarsa. Mutumin da ya ɗauki karensa kamar ɗan gida yana iya wayar gari da takardar biya wadda ta fi ƙarfinsa, saboda haka ya gwammace ya riƙa biyan kaɗan kowane wata. Duk da haka, ko a can mai hankali sai ya karanta ƙananan rubutun da ke bayan takarda. Akwai iyakar abin da kamfani zai biya a shekara. Akwai kason da mai kare zai biya da kansa kowane zuwa. Akwai kwanakin jira bayan sa hannu, waɗanda in ciwo ya zo cikinsu ba a biya. Ciwon da karen yake da shi tun kafin yarjejeniya ba ya ciki, tsohon kare sau da yawa ba a karɓarsa, kuma kuɗin wata suna hawa yayin da karen yake tsufa. Mai kare ne yake fara biyan likita, daga baya ya aika takardu a mayar masa.

Yanzu mu dawo gida. Kare a ƙasar Gure ma'aikaci ne. Bafillace da Buzu da Batube, daga nan har Tesker, suna riƙe shi domin ya tsare garke daga dila da ɓarawo. Masu lambu cikin kwaruruwan Manga, inda ake dabino da kanwa, suna barinsa ya kwana a gona. Maharbi yana fita daji da shi. Ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati kuma sun ɗaure nasu a ƙofar gida. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yarda a ajiye kare domin kiwo da farauta da tsaron gona, tare da sharaɗin cewa wanda ya ajiye dabba, ci da shanta suna wuyansa. Wani abin mamaki ma, siririn karen nan na Buzaye mai dogayen ƙafafu, wanda Turawa suka kai ƙasashensu wajen shekarun 1970 suka sa masa sunan Azawak, yau a Turai da Amurka ana sayensa da kuɗi masu yawa, ana yi masa inshora, alhali ɗan'uwansa da ya rage a daji madara da tsakin hatsi ne rabonsa.

To, irin wannan kare me inshorar lafiya za ta biya masa? Abin da ke damunsa kullum bai wuce tsutsar ciki da kaska da ƙazuwa da rauni ba, kuma maganin waɗannan yana wajen ma'aikatar kiwo ko likitan dabbobi mai zaman kansa, a kan kuɗin da mai shago zai iya cirewa daga cinikin yini. Babban aikin tiyata irin wanda aka yi wa karen ƙanen abokina ba a gefen gidanmu ake yinsa ba. Kamfanonin inshora kuwa manyan ofisoshinsu suna Yamai, mafi kusa da mu sai rassan Damagaram, tafiyar kusan kilomita 170. Wa zai shiga mota ya kai rasit ɗin maganin tsutsa domin a mayar masa da abin da bai kai kuɗin motar ba?

Tun da yawancinku masu lissafi ne, mu yi lissafi. Mu ɗauka, don misali kawai, wani kamfani ya yarda ya karɓi karenka a kan jikka 5 kowane wata. A shekara jikka 60 ke nan. In karen ya yi shekara 8 a hannunka, ka zuba jikka 480. Ka tambayi kanka ko akwai ranar da za ka kashe wa karen gadi rabin wannan a wajen likita. Kada kuma a manta ƙa'idar CIMA, wato ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a ƙasashen Afirka 14 har da Nijar tun yarjejeniyar Yawunde ta 1992: bayan gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Ma'aikacin da albashinsa ya makara, laimarsa ta rufe. Ƙa'idar da duk ɗan kasuwa ya sani ita ce, ana yin inshora a kan asarar da ba ta cika zuwa ba amma in ta zo ta karya mutum, kamar gobarar mangaza ko haɗarin mota. Ƙaramar ɗawainiyar da ake iya hangowa, asusu ya ishe ta. A kan wannan ma'auni, amsata ga abokina ita ce inshorar lafiyar kare ba ta da riba a Gure.

Sai dai maganar ba ta ƙare nan ba. Akwai asara guda babba da ke rataye a wuyan kowane mai kare, kuma ba jikin karen take faɗa wa ba.

Shekarun baya ina hutu a ƙauyenmu, karen wani maƙwabci ya ciji ɗan yayata, yaro ɗan shekara bakwai, a maraƙin ƙafa. Kafin in iso, tsofaffi sun ƙona gashin karen sun shafa a bakin ciwon, samari kuma sun bi karen sun kashe. Na tambayi mai shi ko an taɓa yi masa allura, ya ce shi bai san ana yi wa kare allura ba. Da yake babu karen da za a sa wa ido, dole aka ɗauka mahaukaci ne. Ba mu samu allurar a kusa ba, sai da muka yi ta kai da kawowa zuwa birni, ranar da likita ya yanka mana mu koma, da kuɗin mota da na masauki da na magani. Yayata ta sayar da awakinta biyu. Yaro ya tsira, alhamdu lillahi, amma gidaje biyu da suka yi shekara talatin suna aron turmi sun yi shekara guda ba sa gaisawa.

Ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Kashi 99 cikin 100 daga cizon kare suke kamuwa, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana shiga da yawun dabba, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya tana iya ɗaukar makonni ko watanni, shi ya sa iyaye suke ganin ciwo ya warke su saki jiki. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita da ruwa, to magani ya ƙare. Alhali kuwa rigakafin yana nan tun ranar 6 ga watan Yuli 1885, da Louis Pasteur ya yi wa yaro Joseph Meister allurar farko a birnin Paris.

Doka ma ba ta bar mai kare ba. Aya ta 1385 ta kundin dokokin zaman jama'a da muka gada daga Faransa ta ce mai dabba, ko wanda take hannunsa, shi ke da alhakin ɓarnar da ta yi, ko tana ɗaure ko ta ɓace ko ta kuɓuce. Yadda ake ci wa makiyayi diyya in shanunsa suka shiga gona, haka ake iya ci wa mai kare in karensa ya yi cizo. A Faransa ma, dokar 6 ga watan Janairu 1999 inshorar alhakin ɓarna ta wajabta wa masu karnuka masu haɗari, ta lafiyar kare kuwa ganin dama ce. Saboda haka ma'aikaci ko ɗan kasuwan da ke da babban karen gadi, in dai zai taka ofishin inshora, abin da ya kamata ya tambaya shi ne takardar alhakin maigida, wadda a faransance ake kira responsabilité civile chef de famille. Ya sa a nuna masa a rubuce cewa cizon kare yana ciki, da iyakar abin da za a biya.

Ga sauran jama'a, inshorar da ta fi araha tana cikin kwalbar allura. A kai kare a yi masa rigakafin hauka tun yana ɗan wata uku, a riƙa sabuntawa a ranar da likita ya rubuta, a adana katin tare da takardun gida. A ɗaure shi da rana, lokacin da yara ke zuwa makaranta da talla. A ware ɗan abu kowane wata, kamar zubin adashe, domin maganinsa. In tsautsayi ya auku, a wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, a kai mutum asibiti a ranar, kada a jira. Karen kuma, in ana iya kama shi ba tare da wani ya ƙara jin ciwo ba, a tsare shi likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Kashe shi nan take yana ɓatar da shaidar da likita ke bukata.

Ina kuma da kira ga magadan gari da ma'aikatar kiwo. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar tana yankewa, kuma zuba wa karnukan titi guba bai taɓa kawar da ita ba, domin wasu ne suke cike gurbin. Kowace shekara ma'aikata suna zagaya rugage da kasuwanni irin su Gidigir da Subdu suna yi wa shanu da tumaki rigakafi. Me zai hana a riƙa tafiya da allurar karnuka cikin akwatin sanyi ɗaya? Ranar 28 ga watan Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma ƙasashe sun yi alkawarin kawar da mutuwar mutane daga cizon kare kafin 2030. Gure na iya yin nata rabon da mota guda da mai shela.

Mu ba baƙin taimakon juna ba ne. Fulani suna da habbanaye, inda mai shanu ke ba wanda fari ya tsiyata saniya ya riƙe har ta haifa masa, kuma da irin wannan ne gidaje da yawa suka tashi bayan farin 1984. Rigakafin kare ma irinsa ne: allurar da na yi wa nawa ɗanka take tsarewa, wadda ka yi wa naka kuma ta tsare nawa.

Da na koma majalisa na gaya wa abokina duk wannan, sai ya yi shiru, sannan ya tambaye ni inda ofishin likitan dabbobi yake. Shekara biyar karen yana gadin mangazarsa, bai taɓa kai shi ba. Ya ce zai kai shi ranar Litinin, ni kuma na ce zan zo in ga katin.