Guzurin maniyyaci: a sa kuɗin keke cikin lissafi

Kowace shekara, idan hukumar COHO mai kula da aikin hajji da umra ta buɗe rajista, sai a ga ƴan kasuwar albasa na Galmi, da tsofaffin ma'aikatan masana'antar siminti ta Malbaza, da attajiran Ƙwanni da Illela suna kai kuɗin kujera. Da yawa daga cikinsu iyaye suke biya wa, dattawan da suka haura saba'in, masu fama da ciwon gwiwa ko hawan jini. Ana lissafa kuɗin jirgi da masauki da hadaya, har da tsaraba. Abin da ake yawan mantawa shi ne yadda tsoho zai yi tafiyar ƙasa da ke jiran shi a Makka.

Tafiyar kuwa ba kaɗan ba ce. Ɗawafi kewaye bakwai ne, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa shi ma sau bakwai, wanda ya kai wajen kilomita uku. Mai hajjin tamattu'i zai yi su lokacin umra, ya sake yin su bayan Arfa, ga kuma ɗawafin bankwana da zuwa jifa daga tantunan Mina. A hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiya kuma suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya cikin rana ba tare da izinin hajji ba.

Wasu dattawa na jin kunyar hawa keke, suna ganin kamar ladarsu za ta ragu. Addini ya sauwaƙa wannan. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi ɗawafi bisa raƙumi a hajjin bankwana, ya kuma yi wa Ummu Salama izinin yin nata a kan abin hawa saboda rashin lafiya. A mazhabar Malikiyya, tafiya da ƙafa wajibi ce ga mai iko; wanda ya hau ba da uzuri ba sai ya sake, in bai sake ba jini ya hau kan shi. Mai uzuri kuwa babu komi a kan shi.

Hanyoyin samun keke uku ne. Akwai kekunan da ake badawa kyauta a Masallacin Harami, amma sai da ɗan'uwa mai turawa. Akwai ma'aikata masu izini, sanye da rigar aiki, waɗanda ke tura alhaji a biya su. Akwai kuma ƙananan motoci masu lantarki da ake haya, kamar yadda wuraren shaƙatawa irin su Disneyland ke bada hayar keke a bakin ƙofa. Masu keke galibi a benaye suke ɗawafi, inda kewayen ya fi na ƙasa tsawo ƙwarai, saboda haka lokacin da ake ɗauka ya fi yawa.

Kuɗin haya da riyal ake biyan shi, riyal guda kuwa yakan kai wajen dala talatin na sefa, kuma masu turawa na tsauwala farashi a ranakun cunkoso. Ɗan kasuwa ya san cewa ciniki kafin aiki shi ke hana rigima. A tsaida magana tun farko: ɗawafi ne kaɗai, ko har da sa'ayi? A guji masu tare mutane a bakin hanya ba tare da izini ba, domin idan ƴan sanda suka kore su, tsoho ne za a bari a tsakiyar taro. Shi kuma alhaji ya riƙa ƙirga kewayensa da kansa, ya tabbatar Ka'aba na hagunsa, kada barci ya ɗauke shi alwala ta warware.

Wanda zai yi rakiya na iya sayen keke mai naɗewa tun daga gida, tunda kamfanonin jiragen sama kan ɗauke shi ba tare da ƙarin kuɗi ba idan an sanar da su da wuri. Keken guragu mai ƙafa uku da maƙeran walda ke haɗawa a Ƙwanni ya dace da rairayin unguwa, amma bai dace da jirgi ko cunkoson Harami ba. Kafin a kama hanyar Yamai, mai nisan fiye da kilomita 400, ya kamata likita ya duba dattijo, a kuma tambayi kamfanin da ya karɓi kuɗin kujera wane ne zai kula da masu rauni, da nisan masauki daga masallaci.

Ɗan da ya tara miliyoyin sefa domin sauke wa mahaifiyarsa farali bai kamata ya gaza kan kuɗin keke ba. Gara a rage tsarabar darduma da agogo, a ware wannan kuɗi daban, a damƙa shi ga amintaccen abokin tafiya. Allah ya kai alhazan jahar Tawa lafiya, ya maido su gida da hajji karɓaɓɓe.